Kabeji a Kejin Dogari

Akun gidanmu ya girme ɗana na fari. Baba ne ya zo da shi daga Kurmi a shekarun 1990, lokacin yana fataucin goro, kuma da Allah ya yi masa rasuwa aka rasa mai ɗaukar ɗawainiyar tsuntsun, sai ya faɗo hannuna a nan Birnin Kebbi. Ruwan toka ne mai jan bindi, irin wanda kowa ya sani da iya magana. Baba ya raɗa masa Dogari, don ba baƙon da zai yi sallama a zaure bai daka masa tsawa ba. Abincinsa a gidan Baba gyaɗa ce da dawa, sai rake idan an samu. Da haka ya rayu shekara da shekaru, shi ya sa duk wanda na ce wa abincin nan bai wadatar ba sai ya ce min, to ai ga shi nan da ransa.

Da ransa kam, amma gashinsa ya dushe, hancinsa kullum da busasshen datti, ga yawan atishawa. Wani abokina likitan dabbobi, wanda ya yi karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ya zo gaisuwa ya tsaya ya ƙare masa kallo. Ya ce wannan ba baƙon abu ba ne ga aku mai rayuwa kan ƙwaya zalla: gyaɗa mai ne ya yi mata yawa, bitamin A da kalsiyam kuwa ba ta da su yadda za su isa, kuma irin wannan akun ya fi sauran danginsa saurin nuna ƙarancin kalsiyam, har ta kai wani ya riƙa faɗowa daga kan sandarsa yana karkarwa. A dajinsu na asali yana cin 'ya'yan kwakwar manja da 'ya'yan itatuwa iri-iri, ba kwanon gyaɗa ake ajiye masa ba. Shawararsa gajera ce: a shigo da ganye da kayan lambu, a rage gyaɗa sannu a hankali. Lokacin hunturu ne, kabeji ya cika kasuwa, na Jos da na Zariya da na masu lambun fadama, araha kamar a ce kyauta. Da shi na fara.

Dogari bai karɓe shi da hannu biyu ba. Na yanka masa ƙanana na zuba a kwano, ya matso ya karkata kai ya dube shi da ido ɗaya, sannan ya sa baki ya kifar da kwanon. Aku tsuntsu ne mai tsoron abin da bai saba gani ba, balle tsoho irin wannan. Na gauraya da dawa, ya tsince dawar tas ya bar min kabejina. Abin da ya karya masa taurin kai biyu ne. Na farko, na daina yankawa, na riƙa soka ganye guda a tsakanin wayar keji da sassafe kafin a zuba masa komai, lokacin da yunwa ke cinsa. Na biyu, na riƙa zama kusa da shi ina tauna ɗanyen kabeji da ƙarfi, ban ko kalle shi ba. Aku a garke yake kiwo, abin da ya ga ɗan'uwansa na ci shi yake yarda da shi, kuma a gidan nan ni ne ɗan'uwan. Yara sun sha dariya, amma wata safiya sai ga shi ya sauko ya fizgi ganyen.

Abin da ya fi so ma ba ganyen ba ne, wannan farin gindin mai tauri ne da mata ke yankewa su yar. In na miƙa masa, sai ya karɓa da baki ya mayar ƙafar hagu, ya tsaya da ta dama, ya riƙa jujjuya shi yana ɓantara. Za ka ga baƙin harshensa mai kauri yana murza guntun a jikin bakin sama, ya tsotse ruwan, ya tofar da tuƙar, ƙwayar idonsa tana tsukewa tana buɗewa don daɗi. A wannan lokacin ko sallama aka yi ba ya amsawa. In ya gama, mafi yawan abin yana ƙasan keji, abin da ya shiga ciki kaɗan ne. Ban ɗauki wannan asara ba. Tsuntsun da a daji yake wuni yana ɓarzar ɓawon itace, in aka kulle shi ba aikin yi, gashin jikinsa yake komawa figa. Gindin kabeji da ba ya da kuɗi yana cinye masa lokacin da zai yi yana ihu.

Ba a jima ba uwargida ta tare ni a ƙofar ɗaki. "Malam, tsuntsun ga naka zawo shika yi, ka zo ka gani." Na je na duba takardar da nake shimfiɗawa a ƙasan keji. Kashin tsuntsu kashi uku ne a haɗe: mai kauri kore ko ƙasa-ƙasa, sai farin nan, sai ruwa wanda shi ne fitsarinsa. Na Dogari mai kaurin yana nan a murɗe yadda ya saba, ruwan da ke kewaye da shi ne ya ƙaru. Kabeji kusan kashi 92 cikin 100 ruwa ne, tsuntsun da ya saba da busasshiyar ƙwaya dole fitsarinsa ya ƙaru. Zawo na gaskiya shi ne in mai kaurin ya narke ya rasa siffa, tsuntsu ya kumbura gashi ya yi lamo, ya daina surutu. Wannan ba a jira da shi, likita ake nema, don tsuntsu yana ɓoye ciwo sai ya ci ƙarfinsa.

Maganar da ta fi yawo a bakin masu kiwon tsuntsaye ita ce kabeji na kawo maƙoƙo. Akwai ƙamshin gaskiya. Kabeji da danginsa suna ɗauke da sinadaran da ke hana jiki amfani da aidin yadda ya kamata, kuma in aidin ya yi ƙaranci tsokar nan ta wuya da likitoci ke kira tayirod sai ta kumbura. Mu mutane gishiri ya rufa mana asiri, tun farkon shekarun 1990 aka wajabta sa masa aidin a Najeriya, aku kuwa ba a ba shi gishiri. A tsuntsu kuma kumburin ba ya fitowa waje a gani, ciki yake dannewa, sai ka ji numfashi na fito da ƙara, murya ta canja, ko ya riƙa dawo da abinci. An fi ganin haka a ƙananan tsuntsayen nan masu launi-launi na Ostareliya da ake ajiyewa a keji kan gero kaɗai. Amma sai an mayar da kabejin abincin kullum, da yawa, kan tsuntsun da dama can abincinsa bai cika ba. Ni sau biyu nake ba shi a mako, ganyen da bai wuce tafin hannu ba ko gindi ɗaya. Wani lokaci nakan turara shi kaɗan, zafi na rage ƙarfin sinadaran, sai dai Dogari ba ya son abin da ba ya ƙara a baki, yakan jefo min shi waje.

Abin da ya fi maƙoƙo tayar min da hankali feshi ne. Kabeji abincin tsutsa ne, duk wanda ya taɓa noma shi ya sani. Na tambayi wani dattijo da ke lambu a fadama, wanda nake sayen latas a wurinsa, na ce, "Baba, yaushe anka yi ma wannan feshi?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, in ba feshi, tsutsa ba ta bar maka ko ɗai. Wancan layin shekaranjiya munka yi, kak ka ɗauka. Ga wanga, ya kwan biyu." Da na gaya masa tsuntsu zan ba, ya riƙe baki, amma tun ranar yake ware min. Kowane maganin feshi yana da kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbarsa a jira kafin a cire amfanin gona, ba kowa ke jira ba in kasuwa ta yi kyau. Abin da jikin babban mutum zai shanye bai ji ba, aku mai nauyin abin da bai kai rabin kilo ba ba lalle ya shanye ba.

A nan ne kabeji ke sa mutum a tsaka mai wuya. Ganyen waje, koren nan shar da masu sayarwa ke ɓarewa su tara wa masu awaki, shi ne ya fi amfani, don shi rana ta buga. Na ciki fari ne, ruwa ya fi yawa. To kuma na wajen shi ne ya sha feshi. Don haka in kabejin kasuwa ne da ban san gonarsa ba, sai in ɓare ganyen waje in zubar, in wanke na ciki ganye-ganye da ruwa mai yawa, in bar shi ya tsane. In na dattijon ne, na wajen nake ba shi. Wanki na cire abin da ke saman ganye ne kawai, maganin da shuka ta zuƙa ya shiga jikinta ba ruwan da zai fitar da shi. Kuma kada ganye mai huji-huji ya ruɗe ka ka ce ba a yi masa feshi ba, sau da yawa ganin hujin ne ke sa manomi ya ɗauko famfo.

Sai kuma yaƙin cikin gida. Da mutanen gidan suka ga Dogari na cin kabeji, sai kowa ya zama mai kyauta. Ranar wata walima na tarar da ƙanwata za ta zuba masa ragowar kwaɗo. Na ce, "Ke, tsaya, mi ac ciki?" Ta lissafa: ƙuliƙuli, gishiri, Maggi, mai, albasa. A jihar da Aliero take, ba abincin da ake yi ba albasa, ita kuwa tana lalata jajayen ƙwayoyin jinin tsuntsu in ya ci da yawa. Gishirin da mu ba ma ji a baki ya yi wa ƙodarsa yawa. Haka salak ɗin biki mai Bama. Na kafa doka: abin da ya taɓa kwanon mutane ba ya shiga keji. A kan wannan na ƙara fiya, wadda guba ce ga aku kai tsaye, da cakulan, da shayi, da goro. Na goron ne ya fi wuya, don tsofaffin abokan Baba in sun zo sai sun ɓantara masa, wai sabonsu ne tun da. Da ladabi nake karɓa in ce zan ba shi anjima.

In an tambaye ni ko kabeji ne ya gyara Dogari, sai in ce a'a. Abinci ne mara nauyi. Giram 100 nasa kalsiyam ɗin ciki bai wuce miligiram 40 ba, ɗanyen zogale mai wannan nauyin ya ninka shi fiye da sau huɗu, ga bitamin A da farin kabeji kusan ba shi da shi. Amfanin da ya yi min shi ne ya koya wa tsoho cewa abin da ba gyaɗa ba ma ana ci. Bayansa karas ya shiga ba gardama, sai jan tattasai, sai dafaffiyar kabewa, gwanda, mangwaro a lokacinsa. Attarugu ma yana ci har 'ya'yan, tsuntsu ba ya jin yaji yadda muke ji, sai dai ka kiyayi bakinsa a kusa da idonka bayan ya gama. Nakan ɗiga masa manja kaɗan a kan dafaffiyar dawa, in daka ɓawon dafaffen ƙwai in barbaɗa, in fitar da kejin ya sha hantsi kafin rana ta yi zafi, don sai da hasken rana jiki ke iya amfani da kalsiyam ɗin. Gyaɗa ta koma lada, 'yan ƙwayoyi in ya yi abin kirki, ita ma sai na fasa na duba, don mai fumfuna tana kashe hanta. Da ya sake gashi, sabon ya fito da sheƙi, hancin ya washe.

Maƙwabta da suka ga haka wasu sun ce in nemo musu irinsa. Ba na shiga. Tun taron ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da aka yi a Johannesbag a 2016 aka sa wannan akun a jerin halittun da aka haramta cinikin na dajinsu tsakanin ƙasashe, saboda kamu ya kusa ƙarar da su a wurare da yawa, kuma tsuntsu ne da kan yi shekara 40 zuwa 60 a hannun mutum. Nawa gado ne, ba ni na je na kamo ba.

Da bazara lissafin kan canja. Daga Maris zafin Birnin Kebbi kan haura digiri 40, kabejin fadama ya ƙare, na kasuwa ya yi tsada ya yi yaushi, kuma ganyen da ka sa a keji da safe kafin azahar ya fara wari, ƙuda sun taru. Lokacin nakan cire duk abin da ya rage bayan awa ɗaya ko biyu, in wanke kwano, in koma kan zogalen bayan gida da reshensa, wanda ba mai yi masa feshi. Bana kuma na cika tsofaffin buhunan shinkafa da ƙasa da taki na jera a gindin katanga. Dattijon fadama ya yi min alkawarin dashe in sanyi ya shigo, ya ce tsutsar kuwa sai dai in riƙa bi da hannu ina tsincewa kowace safiya, in ba haka ba ita za ta riga Dogari.