Godiyarmu Bayan Jinyar Auta

Assalamu alaikum 'yan'uwa, na nan Maleshiya da na gida.

Jiya Asabar muka fita da yara, karon farko cikin mako uku. Ba nisa muka yi ba, daga Serdang zuwa Putrajaya ne, bakin tafkin da ke gefen Masallacin Putra inda muka saba shimfiɗa tabarma bayan la'asar. Auta ta sauko daga mota da ƙafarta, ta ruga tana kiran yayanta ya zo ya ga jirgin ruwa. Babansu ya kau da kai, ni kuwa hawaye suka ƙwace mini. A nan na ƙudura in mun koma gida sai na rubuta wannan godiya.

Ga waɗanda labari bai iske ba, zazzaɓin dengi ne, wanda wani irin sauro ke yaɗawa, ya kwantar da ita. Da jikin ya yi zafi na ɗauka irin zazzaɓinmu na gida ne, har na ɗauko ibuprofen zan ba ta. Allah Ya kawo maƙwabciyarmu, dattijuwar Bamalayiyar da ƙofarta ke kallon tamu, wadda yara ke kira Makcik, wato gwaggo a yarensu. Ta riƙe hannuna, ta karɓe kwalbar tana girgiza kai, ta ce farasitamol kaɗai, sannan asibiti yanzu-yanzu. Daga baya likita ya tabbatar mana cewa wancan maganin yana ƙara haɗarin zubar jini ga mai dengi. Makcik, na san ba ki jin Hausa, ni ma Malayancina bai wuce na cefane ba, amma jikarki za ta karanta miki fassarar wannan. Kwana biyar muna asibiti, kullum sai kin aiko da faten shinkafa mai ɗumi da ruwan kwakwa, har da miyar ƙaguwar nan da mutanenku ke kai wa mai dengi. Allah Ya saka miki da Aljanna.

Rana ta huɗu da fara ciwon ce ba zan manta ba. Zazzaɓin ya sauka, na yi hamdala na ce an samu lafiya. Ashe lokacin saukar zafin shi ne mafi haɗari a wannan ciwo. Cikin dare ta fara amai tana riƙe ciki, dasashinta na tsattsafo da jini. Ƙarfe biyu Babansu ya kira wani ɗan'uwa ɗan Katsina da suke karatu tare, ko tambaya bai yi ba, sai ga shi a ƙasan bene da jallabiyar barci don a tafi asibiti. Malam, mun gode, Allah Ya ba ka digirinka cikin sauƙi. Muna kuma gode wa likitoci da ma'aikatan jinya, musamman wadda ke rera wa Auta waƙa duk asuba in za ta ɗebi jini a duba ƙwayoyin filatilet, masu taimakawa wajen tsayar da zubar jini.

Sai matan unguwarmu, matan ɗalibai 'yan'uwana. Kun raba kwanaki a tsakaninku ba tare da na roƙa ba: wannan ta kai yaya makaranta, waccan ta yi wanki, wata ta kwana da ni a kan kujerar asibiti. Maman 'yan biyu, na san kukar da daddawar da kika yi mana miya da su ragowar waɗanda kika zo da su daga Kano ne, kina tattalinsu sai ka ce zinariya, kika juye mana duka. Wannan tuwon shi ne abin da Auta ta fara ci da kanta.

Hajiya, Allah Ya ƙara girma. Awa 7 ke tsakaninmu, idan kin idar da isha'i mu nan dare ya raba, amma kin san idona biyu, sai ki kira ki yi ta karanta mini addu'a har zuciyata ta kwanta. Kawu da mutanen masallacin unguwa da suka sa mu a addu'a, saƙonku ya iso.

Ina roƙon iyaye na nan, musamman sababbin zuwa, ku leƙa barandarku yau. Sauron dengi baƙi ne mai zanen fari a ƙafafu, cizonsa da safe ne da kuma gab da magariba, daidai lokacin da muke sakin yara filin wasa. A ruwa mai tsabta yake ƙwai. Mu a ɗan bokitin da ke tare ruwan na'urar sanyaya ɗaki muka tarar da tsutsotsinsa, da farantin ƙarƙashin tukunyar fure. Ma'aikatan ƙaramar hukuma sun zo sun yi feshi a benenmu, amma zubar da ruwan nan aikinmu ne, ga shi ƙasar nan kusan kullum sai an yi ruwa.

Lahadi mai zuwa bayan azahar za mu yi 'yar walimar godiya a gida, in sha Allahu. Akwai masa da zoɓo, ku zo da yara. Makcik ta ce ita za ta kawo nasi lemak, shinkafarsu da ake dafawa da madarar kwakwa.