Abin da gyatsar jariri ta koya mini a ɗakin awo

Ban fi sati 2 da fara aiki a wani ƙaramin asibiti a Unguwar Rogo, Jos, ba, wata uwa ta kawo jaririnta rigakafin sati 10. Ta ce, "Sista, yaron nan ba dare ba rana gyatsa yake, ga tumbiɗi." Ni da ɗanyen karatu a ka, har na fara laluben magani a zuciyata. Babbar nas ɗinmu ta ce, "'Yata, ba shi nono mu gani."

Nan take matsalar ta bayyana. Kan nonon kaɗai yake kamawa, bakinsa bai rufe baƙin da ke kewaye ba, kana jin ƙarar iska na bi ta gefe. Kuma sai ya yi kuka ya gaji ake ba shi, alhali kukan ma haɗiyar iska ne. Ranar na gane cewa gyatsa iska ce da ta shiga take neman hanyar fita, aikina in gano ƙofar da ta bi.

A wajen masu shan fida, ƙofar ita ce hujin kan robar da aka faɗaɗa da allura, ko kwantar da kwalbar har iska ta cika kan robar. Gyaran ba kuɗi: a ba shi tun yana tsotsar hannu, a tsaya a tsakiya a saɓa shi a kafaɗa ana shafa baya, a riƙe shi a miƙe minti 20 zuwa 30 bayan ya ƙoshi. In barci ya zo kuma, a rigingine.

Waɗanda suka tasa, lemon kwalba ne da cingam da ci da gaggawa. A hunturun Jos ga mura, hanci ya toshe, yaro na ci yana numfashi ta baki.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ruwan kanwa da dauri da kakanni ke ɗura wa jarirai. Da soyayya suke yi, na sani, shi ya sa nake zama da su in yi bayani a tsanake: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata 6, ko ruwa babu, zuma kuwa sai bayan shekara 1.

Akwai inda ba na jira: amai kore ko mai jini, amai mai tsartuwa da ƙarfi a watanni 2 na farko, ciki ya kumbura ya yi tauri, ko nauyi ya tsaya a katin awo. Wannan likita nake kira.

Uwar ta dawo rigakafin sati 14. Gyatsar ta ragu, tumbiɗin yana nan. Na ɗora shi a sikeli, nauyi ya hau, na ce mata, "Maman yaro, tumbiɗin nan yakan fi yawa a wata 4, yawanci ya ɗauke kafin shekara."