Bin Sawun Kifi Daga Kogin Mekong Zuwa Gulbin Rima

A kogin Mekong na Kudu maso Gabashin Asiya akwai wani ƙaton kifi, dangin tarwaɗa, wanda yake dab da ƙarewa a duniya. A shekarar 2005 masunta a arewacin Tailan sun kama wani mai nauyin kilo 293, amma a yau samun irinsa sai an tona. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda masana suke bin sawun halittar da ba ta barin sawu.

Ana sanya wa kifin wata 'yar na'ura mai fitar da sauti, sannan a dasa na'urorin saurare a ƙarƙashin ruwa, ta yadda duk lokacin da ya gifta za a san rana da sa'a da wurin da ya bi. Batun abinci ya fi wuya, domin tsohuwar hanya ita ce a farke ciki a duba, kuma ba a yanka kifin da ake neman ceto. Saboda haka sai a gutsuri ɗan ƙaramin yanki na tsokarsa a auna sinadaran da ke ciki, waɗanda suke nuna abin da ya daɗe yana ci. Wannan ƙato kuwa, duk girmansa, haƙoransa suna zubewa idan ya manyanta, gansakuka yake kiwo.

A nan Sakkwato, tun da aka kammala dam ɗin Bakolori a 1978 da na Goronyo da ke kan Gulbin Rima a 1984, ambaliyar damina da ke malala cikin fadama, inda kifi yake shiga ya yi ƙwai, ta ragu ƙwarai. Ku tsaya wurin masu sayar da kifi a Kwalkwalawa ku ga abin da ke cikin daro: galibi karfasa ce da tarwaɗa, ƙanana, alhali dattawan Sarkawa, masunta na gado, suna ba da labarin giwan ruwa da yauni da bargi masu cika kwalekwale.

A ganina, irin wannan bincike a kan kifin namu bai kamata ya jira na'ura mai tsada ba. Sarkin ruwa ya san gurbin da giwan ruwa yake fakewa da rani, matan da ke gyaran kifi kuwa kullum suna ganin abin da ke cikin tumbinsa. Ɗaliban sashen nazarin kifi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo za su iya rubuta wannan wata-wata, su haɗa shi da lokutan da ake sakin ruwa daga Goronyo.