Wasiƙa Daga Marbella, Garin Da Ake Hango Afirka

Assalamu alaikum iyayena, yayyena da ƙannena na gida. Ina fata kuna lafiya, damina kuma ta yi albarka.

Tun da hotunana suka fara isa gida ake ta tambayata yadda garin nan yake, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Sunansa Marbella, amma masu garin "Marbeya" suke cewa. Yana kudancin Sifaniya, a lardin Malaga na yankin Andalus, a gaɓar Bahar Rum. Dutsen La Concha, wanda tsayinsa ya haura mita 1,200, yana bayansa yana tare iskar arewa, don haka hunturun nan ba ya tsanani. Ranar da gari ya washe, in na tsaya a bakin ruwa da la'asar ina hango dutsen Jibralta, can gaba kuma duwatsun Maroko. Ranar da na fara gane cewa Afirka nake kallo, na daɗe a tsaye ban iya tafiya ba.

Mazauna garin sun haura 150,000, amma a Yuli da Agusta sai ka rasa inda za ka sa ƙafa. A gidan abincin da nake aiki, kafin dare ya raba zan ji Turanci, Jamusanci, Larabci, Rashanci da harshen mutanen Suwidin. Da can garin masunta ne da manoma da masu haƙar tama. A 1954 wani basarake, Alfonso de Hohenlohe, ya buɗe otal ɗin Marbella Club, masu hannu da shuni suka fara tururuwa. A 1970 kuma José Banús ya buɗe tashar jiragen ruwa ta Puerto Banús, inda ake ɗaukar yawancin hotunan da kuke gani na jiragen alfarma da Ferrari. Na je sau biyu, ya ishe ni.

Inda zuciyata take shi ne tsohon gari. Lunguna ne ƙanana masu karkacewa, irin na cikin birnin Kano, ga gidaje farare fat, an rataye tukwanen furanni a bango. A nan ne ragowar ganuwar da Musulmi suka gina a ƙarni na 10, zamanin halifancin Kurɗuba, take tsaye har yau. Sai a 1485 Sarki Fernando ya karɓe garin daga hannunsu, bayan nan aka yi dandalin Plaza de los Naranjos, wanda itatuwan lemo suka cika. Idan suka yi fure, ƙamshin kan bi mutum har cikin lungu.

Abin da ya fi ba ni mamaki ma a bakin mutanen yake. Magajin gari suna ce masa "alcalde", kuma tushensa ɗaya da alƙalinmu. Sukari "azúcar" ne, zaitun "aceituna", duk daga Larabci. Idan tsohuwa tana fatan wani abu sai ka ji ta ce "ojalá", kalmar da ta fito daga Larabci, da sunan Allah a cikinta. Malaminmu na zaure ya sha ba mu labarin Andalus, ban taɓa zaton zan ji ta a bakin mai sayar da kayan miya ba.

Masu tambayar ibada, ku kwantar da hankali. Akwai Masallacin Sarki Abdul'aziz, wanda Salman na Saudiyya ya gina a 1981, tun yana gwamnan Riyad. Ranar Juma'a direba ɗan Maroko, ɗan tireda daga Senegal da attajirin Kuwait duk sahu ɗaya muke. Nama kuwa wajen mahautan Maroko nake saye, don naman alade ya yi yawa a abincinsu, dole mutum ya riƙa tambaya. A watan Yuni magariba takan wuce ƙarfe tara da rabi na dare.

Suna da nasu tsiren, na kifi, sunansa "espeto". Ana tsire kifin sardin a tsinke, a kafa a gefen wutar itace cikin tsohon kwalekwale da aka cika da yashi, gishiri kawai ake barbaɗawa. Duk lokacin da na ga mai gashin yana juya tsinke, sai in tuna mai tsiren bakin kasuwarmu. Yaji ne kawai babu.

To, ƙannena, ga abin da hoto ba ya nunawa. Haya tana cinye albashi, har ma'aikata da yawa sun koma San Pedro de Alcántara ko ƙauyukan kan dutse irin su Ojén. Duk girman garin babu jirgin ƙasa, layin dogo a Fuengirola ya tsaya, sai bas da cunkoso. Aiki na lokaci ne, Nuwamba na shiga gidajen abinci da yawa sukan rage ma'aikata. Cin hanci ma bai bar su ba, domin a 2006 sai da gwamnatin ƙasa ta rushe majalisar garin baki ɗaya saboda badaƙalar izinin gine-gine. Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne 'yan uwanmu baƙar fata da ke yawo a rairayi cikin rana da tabarau da jakunkuna, da yawansu babu takardar zama, ido na kan mai saye, ido na kan ɗan sanda. Wani daga cikinsu ya gaya mini shekararsa shida bai ga mahaifiyarsa ba, ga shi kullum yana hango gaɓar da ya baro. Don Allah duk wanda ke tunanin biyo hamada da teku ya kira ni tukuna mu yi magana.

Ku gaida Inna da Baba Malam, ku ce ina neman addu'a. Duk wanda zai taho, a ba shi yajin ƙuli da daddawa ya riƙo mini.

Naku,
Ɗan uwanku a Marbella