Ranar da farantin ELISA ya rine gaba ɗaya

Ina shekarar farko ta digiri na biyu aka ba ni aikin auna antibodi (sinadarin da jiki ke ƙerawa don yaƙar cuta) na zazzaɓin cizon sauro a ruwan jinin yara, da gwajin ELISA, wanda ke nuna antibodi ta hanyar sauyin launi a faranti mai ƙananan gurabe. Farantin gurbi 96 gare shi, kayan aikin kuma da dala ake sayensu, don haka na ga asara ce in bar ko gurbi ɗaya ba samfur. Na cika su duka da ruwan jini.

Eva Engvall da Peter Perlmann ne suka wallafa dabarar a 1971 daga Jami'ar Stockholm, irin da muke yi kuwa ya dogara ne a kan antibodi na biyu, wato wanda ke kama antibodin da ke cikin samfur, da aka liƙa wa enzayim mai jawo launi. Namu na akuya ne, mai kama IgG (wani nau'in antibodi) na ɗan Adam, ɗauke da enzayim HRP. Da an zuba TMB, sinadarin da enzayim ɗin ke sauya wa launi, sai gurbin da ya kama ya yi shuɗi, a tsayar da asid ya koma ruwan ɗorawa, na'ura ta karanta a nanomita 450.

Ran nan kowane gurbi ya rine. Na ruga ofishin malamina da murna.

"Malam, ai duk yaran suna da shi!"

Ya duba takardar ya ce, "Ina gurbin da ba ki sa ruwan jini ba?"

Babu shi. Wannan gurbin shi ne kwantirol, ni kuwa tun daga ranar nake ce masa "shaida". Ana yi masa komai kamar sauran, sai dai ba a sa samfur. In ya yi launi, to antibodi na biyun ya manne wa roba ne kai tsaye, lambobin farantin duka sun zama abin tuhuma. Da na sake gwajin, shaidata ta rine kamar sauran. Na tsinka antibodin kashi 1 cikin 1,000, ya yi kauri ainun, sannan na gajarta lokacin toshe farantin da BSA, furotin da ke hana antibodi manne wa roba, saboda ina tsoron a ɗauke wuta. Sai da na gwada tsinki iri-iri, na ƙara wanki da ruwan gishiri na PBS mai sabulun Tween-20, kafin gurbin ya fito fari. Mako uku da samfurin yaran da ba ya dawowa suka tafi a haka, kuma wannan ne ya fi ci mini rai.

Bayan wata biyu sai akasin haka ya faru, faranti ya fito fari fat, har da samfurin da muka tabbatar yana da antibodin. Na ɗiga antibodi mai enzayim kai tsaye cikin TMB a ƙaramar kwalba, nan take ya yi shuɗi, ashe lafiyarsa lau. Ruwan da na tsinka shi da shi ne aka sa wa sodiyam azayid don kada ya lalace, shi kuwa azayid kashe aikin HRP yake yi.

Yanzu kafin in taɓa samfur nakan ware gurabe takwas, biyu-biyu: na TMB zalla, na antibodi na biyu ba samfur, na jinin da ba shi da antibodin, da na wanda yake da shi. Su nake fara karantawa.