Tarihin Rayuwata, kashi na 9: "Malama, an sa rana?"

Makon jiya na tsaya a inda na dawo Kaduna daga bautar ƙasa a 2017, alawus ɗin naira 19,800 ya yanke, kwali na kwance a ƙasan akwati.

Ni da Yaya duk aikin akanta muka karanta a ABU Zariya. Ya riga ni da shekara guda, amma ba yabon kai ba, sakamakona ya ɗara nasa. Sai ga wani kamfani a titin Ahmadu Bello ya kira mu intabiyu rana ɗaya. Tun asuba Umma ta goge mini hijabi, muka tari Keke Napep daga Tudun Wada.

Yaya aka fara kira. Lissafin haraji aka tambaye shi, da ko zai iya zama Kano in an tura shi. Da na shiga, mutumin ko buɗe fayil ɗina bai yi ba. Hannuna ya ƙura wa ido, akwai sauran lallen bikin wata ƙawata.

"Malama, kina da aure?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To an sa rana?"

Wai sun gaji da horar da mace, tana fara gane aiki miji ya ce ta zauna, ko ta tafi hutun haihuwa. Mako 12 ne fa kacal hutun nan a dokar ƙwadago. Shi kuwa Yaya, da an riga an kai kuɗin aurensa Rigasa, ba wanda ya tambaye shi komai.

Daga ni har shi ba wanda aka ɗauka, wani mai uwa a gindin murhu ya samu. Amma Yaya bai yi wata guda a zaune ba, ya karɓi Keke yana biyan balas kullum. Ni da na ce zan tsare wa wani shago a Kasuwar Bacci, Baba ko ɗago kai bai yi daga rediyonsa ba.

"Ki nemi koyarwa, ita ce mutuncin 'ya mace."

A lokacin ne gwamnatin El-Rufa'i ta sallami malaman firamare 21,780 da suka faɗi jarrabawa, ta ce za ta ɗauki 25,000. Ban taɓa riƙe alli ba, kuma maƙwabciyarmu, wadda ta koya mini ABCD, tana cikin waɗanda aka sallama. Haka na cika fom a intanet ina kauce wa ƙofar gidanta.

Yadda muka haɗu da ita a bakin famfo, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.