Jirage Goma, Iri Biyar: Abin da Mai Sito ke Gani

Idan aka ɗage tashin jirgi a filin Lawanti na Gombe, ko a na Durum can Bauchi, dalilan da ake faɗa wa fasinja ba su cika wuce uku ba: hazo, ƙarancin man jirgi, ko matsalar gudanarwa. Hazo gaskiya ne, duk wanda ya yi hunturu a Gombe ya sani. Mai ma gaskiya ne. Amma a cikin na ukun nan akwai dalilin da ba a faɗa a lasifika. Jirgin da ya kamata ya zo ya samu matsala, kamfanin kuwa yana da wasu jiragen a tsaye lafiya lau, sai dai babu ko ɗaya da yake irin wanda ya lalace. Matuƙan da ke bakin aiki ba su da izinin tuƙa waɗancan, kayan gyaran da ke sito kuma ba na wannan ba ne. Sai fasinja ya saɓi jakarsa ya nufi tasha, ya bi ta Bauchi, Jos, Akwanga da Keffi zuwa Abuja. Tafiyar da jirgi ke yi cikin kamar awa guda ta cinye masa yini.

Ni ba matuƙi ba ne, ba kuma injiniya ba. Aikin sito na yi a sashen kayan gyara na wani kamfanin jirgin sama, da fari a Kano, daga baya a Legas. Kamfanin ya daɗe da rufewa, ba sai na kama suna ba. Aikina in karɓi kaya, in duba takardar shaidar da ta zo da shi, in jera a kanta, in miƙa wa injiniya idan ya kawo takardar buƙata. A wannan ɗakin na gane cewa kamfani mai jirage goma iri biyar, a wajen kashe kuɗi, ƙananan kamfanoni biyar ne masu fenti ɗaya.

Bari in fara da kantata. Kowane irin jirgi yana da tayarsa, birkinsa, batirinsa, gilashin gabansa, fanfon mansa. Tayar Boeing 737 ba ta shiga ƙafar Embraer, birkin Fokker ba ya zama a kan ATR. Idan jirage goma iri ɗaya gare ka, ka ajiye janareton inji guda biyu sun ishe ka, domin da wuya uku su mutu rana ɗaya. Idan kuwa iri biyar ne, dole kowane iri ya samu nasa, ko da jirage biyu kacal kake da su na irin. Kuɗin da ke kwance a kanta sai ya ninka, duk da dala aka biya. Kayan kuma ba a barinsu su yi ta kwanciya har illa masha Allahu. Robobin toshe mai, batura, kwalaben iskar shaƙa, gam da man shafawa, kowanne da ranar ƙarewar wa'adinsa. Sau da yawa na ciro kaya sabo fil a ledarsa na liƙa masa jar takarda, don kawai jirgin da aka saya dominsa bai taɓa nemansa ba. Abin da jirgin ya nema kuwa, ranar da ya nema, babu shi. Sai a buga wa dillali a Turai ko Dubai a ce jirgi na ƙasa, a biya kuɗin gaggawa, a jira kaya ya iso, a bi ta kwastan. Jirgin yana tsaye, kuɗin haya da inshora suna ta tafiya.

Akwai wani abin da har ma'aikata sababbin shiga ke ruɗewa a kai. Suna ɗaya ba ya nufin iri ɗaya. Boeing 737-300 da 737-800 duk 737 ake kiransu, amma na farkon injin CFM56-3 ne a fukafukinsa, na biyun CFM56-7B, kuma allunan gaban matuƙi sun sha bamban. Ko jirage biyu masu lamba ɗaya, idan ɗaya daga hannun kamfanin Amurka ya fito ɗayan daga na Turai, kana iya tarar da kujeru daban, kicin daban, rediyo daban, har birkin ma wani kamfani dabam ya ƙera. Mu da muke sayen na hannu, kowane jirgi da tarihinsa yake zuwa.

Wata rana ɗan ƙanena, wanda ke karatun injiniya a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, ya ce mini, "To Baffa, ai direban da ya iya babbar mota ya iya ƙarama. Me zai hana kyaftin ɗin babban jirgi ya ja ƙaramin?"

Na ce, "Ɗana, doka ce za ta hana shi, kuma dokar tana da gaskiya."

Lasisin matuƙi yana ɗauke da sunan irin jirgin da aka horar da shi a kai. Kafin ya koma wani iri sai ya zauna aji, ya shiga na'urar koyon tuƙi mai kwaikwayon jirgin, ya ci jarrabawa, ya yi tashi tare da mai koyarwa. Abu ne na makonni. Bayan haka duk wata shida sai ya koma na'urar an sake gwada shi, kuma kowane iri da na'urarsa. Kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta samu na'urar Boeing 737, amma yawancin sauran ire-iren sai an ɗauki matuƙi an kai shi ƙasar waje, da tikiti da otal da guzuri. Injiniyan da ke sa hannu a ce jirgi ya tashi shi ma haka, izininsa na jirgi kaza ne mai inji kaza. Kana iya samun injiniyoyi uku a tsaye a gindin jirgi, sun ga matsalar, sun san maganinta, amma babu mai ikon sa hannu, sai an turo na huɗu daga Legas.

Mu da muka tasa lokacin Fijo 504 mun san daɗin abu iri ɗaya. Da kamfanin haɗa ta na Kaduna ya cika ƙasar nan da ita, in ta tsaya maka a Darazo ko Dukku ko Alkaleri, bakaniken bakin hanya ya san cikinta, mai shagon kusa da shi yana da kayanta. Ba don ta fi kowace mota kyau ba ne, don ta yi yawa ne.

Wannan lissafin ne Southwest ta Amurka ta kama tun da ta fara tashi a 1971 da Boeing 737 guda uku. Yau jiragenta sun haura 700, kuma duk 737 ne. In ɗaya ya lalace, a jawo na kusa da shi, matuƙan nan dai su hau. Ryanair ta ƙasar Ayilan ta bi sahu, kusan dukan jiragenta 737 ne. Ita kuwa easyJet ta Ingila da Boeing ta fara, a 2002 ta yi odar Airbus A319 guda 120, ta bi a hankali ta sallami Boeing ɗin har ta koma gida ɗaya. Masu ƙera jiragen ma sun san abin da ke sayar musu da kaya ke nan. Airbus ta yi A318, A319, A320 da A321 da ɗakin tuƙi iri ɗaya, izini ɗaya ya ishi matuƙi ya tuƙa dukansu, ga shi girmansu ya bambanta. Boeing ta yi haka da 757 da 767 tun shekarun 1980.

Sai mu dawo gida. Nigeria Airways a tsawon rayuwarta ta riƙe Fokker F27 da F28, Boeing 707, 727, 737 da 747, ga DC-10, ga Airbus A310. Ba zan ce wannan ne ya kashe ta a 2003 ba, cututtukanta sun fi haka yawa, kowa ya sani. Amma duk wanda ya taɓa riƙe makullin sito, in ya ji jerin nan sai ya tausaya wa takwaransa na can. Arik ta fara a 2006 da sababbin jirage, abin sha'awa, ta tara CRJ, Dash 8, Boeing 737, Airbus A330 da A340, kafin AMCON, hukumar gwamnati mai karɓar basussukan da suka maƙale wa bankuna, ta karɓe ta a Fabrairun 2017 saboda bashi. Air Peace, wadda ta fi kowa girma yanzu, tana da Embraer 145, Embraer E195-E2, Boeing 737 tsoho da na bayansa, da Boeing 777.

Ba wauta ce ke sa masu kamfanonin nan yin haka ba, dole in yi musu adalci. Mai zaɓe shi ne mai kuɗi a hannu. Wanda banki ke ba rance da ruwa mai tsada, ga dala tana wahalar samu, abin da ya faɗo kasuwa da araha shi yake ɗauka. Shekara da shekaru masu ba da hayar jirgi na duniya suna ɗari-ɗari da Najeriya, don suna tsoron in an kasa biya, ƙwato jirginsu zai zama shari'a. Shi ya sa kamfanoninmu suka fi samun hayar da ake kawo jirgi da matuƙansa da injiniyoyinsa, wadda ta fi tsada, kake shiga jirgi a Abuja ka ji ma'aikatan suna wani yare na gabashin Turai. Sai a 2024 aka sa hannu kan ƙa'idojin kotu na aiwatar da yarjejeniyar Cape Town, wadda ke kare haƙƙin masu ba da hayar jirgi, don masu jiragen su samu natsuwa su ba da hayar jirgi zalla, ba matuƙa ba injiniyoyi, ta dogon lokaci. Sannan hanyoyinmu ba su yi kama da juna ba. Legas zuwa Abuja tana cika jirgi mai kujera 180, Gombe ranar Talata kuwa mai kujera 50 ko 70 ne daidai da ita. Wanda ya ce lallai sai iri ɗaya, ko dai ya riƙa tashi da kujeru wayam, ko ya daina zuwa garuruwa irin namu gaba ɗaya.

Iri ɗayan ma yana da ranar baƙin cikinsa. Bayan haɗarin jirgin Lion Air ta Indonesiya a Oktoban 2018 da na Ethiopian ta Habasha a ranar 10 ga Maris 2019, inda mutum 346 suka rasu, har da Farfesa Pius Adesanmi ɗan ƙasar nan, an dakatar da Boeing 737 MAX a duniya. A Amurka sai Nuwamban 2020 aka ɗage takunkumin. Southwest tana da 34 a lokacin, duk suka zauna. Abin da ya fi damuna a labarin shi ne tushensa. An ɗora wa tsohon ƙirar jirgi manyan injina, halinsa a sama ya canza, aka sa wata manhaja mai suna MCAS ta riƙa danna hancinsa ƙasa don ya ji kamar na da a hannun matuƙi. Burin shi ne kada kamfanoni su kashe kuɗin mayar da matuƙa na'urar horo. Wato son a ce jirgin iri ɗaya ne da na jiya ya kai har aka ɓoye wa matuƙa bambancin da ke akwai. A Indiya kuma Go First ta durƙushe a Mayun 2023, tana kukan cewa kusan rabin jiragenta na A320neo suna ƙasa saboda matsalar injin Pratt & Whitney.

Akan kawo mini misalin Ethiopian, a ce ga ta nan da Dash 8, da 737, 777, 787 da Airbus A350, kuma babu kamarta a Afirka. Haka ne. Amma a duba abin da ke bayanta a Addis Ababa: makarantar matuƙa da injiniyoyi tata, na'urorin horo nata, rumfunan gyara da shagon inji nata, har wasu kamfanoni ke kawo mata aiki su biya. Kuma yawancin ire-iren nan tana da su da yawa, ba ɗaya ko biyu ba. Mu kuwa babban binciken da ake yi wa jirgi duk bayan shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, yawanci waje ake kai shi. Aero Contractors ta fara yi wa tsofaffin 737 irin wannan aiki a Legas tun 2018, an gode Allah, amma wanda ya tara iri biyar layi biyar zai bi a ƙasashe daban-daban. A ganina a nan gizo ke saƙar: kowane iri guda nawa gare ka, kuma wa zai gyara maka shi.

Yanzu ga maganar gwamnonin jihohinmu shida na Arewa maso Gabas ta haɗa kuɗi a kafa kamfanin jirgi na yanki. A majalisarmu ta bayan La'asar a Jekadafari ra'ayi ya kasu. Wani Alhaji ya ce a sayo babba saboda alhazai, wani malamin makaranta ya ce ƙarami mai haɗa Gombe, Yola, Jalingo, Maiduguri da Abuja. Mai son sulhu ya ce a sayo ɗaya babba ɗaya ƙarami, kowa ya samu nasa. Shawarar sulhun nan ita ta fi ba ni tsoro, domin sito biyu ke nan, matuƙa kashi biyu, injiniyoyi kashi biyu, kuma ranar da ɗaya ya tafi bincike, ɗayan ba zai iya riƙe masa aiki ba.

Na ce, "Alhaji, Allah ya ba ka haƙuri, aikin Hajji na 'yan makonni ne a shekara. Jirgin da zai kwashi mutum ɗari huɗu, sauran watannin ina za ka kai shi? Wannan a bar wa masu abin, irin su Max Air, ko a ɗauko haya idan lokaci ya yi."

Da za a tambaye ni, ƙananan jirage zan ce a saya, iri ɗaya, inji ɗaya, in da hali daga hannun mai su ɗaya don kayan cikinsu su dace. A zaɓi irin da wasu kamfanonin ƙasar nan ke da shi, kamar ATR 72 ko Embraer 145 ko CRJ900, domin ranar da fanfo ya mutu a Yola a samu maƙwabcin da za a ara a wajensa kafin oda ta iso. Kuma tun a takardar ciniki a sa kuɗin kayan gyara na farko da na horar da yaranmu a Zariya, kada a bari sai jirgi ya sauka sannan a fara neman wanda zai sa masa hannu.